Jigon Mutane da Ɗorawar Zinariya

Zuwa ga mai girma Sarkin Dandali, shugaban masu igiya da turaku, mai zana gari da tsinke, wanda anka ɗora wa aikin shimfiɗa sabon filin wasa da unguwar masu wasa a bayan ganuwar Wurno. Ranka shi daɗe. Allah shi ƙara maka girma, shi ƙara wa rawaninka faɗi, ko da yake tun yanzu da gefe kake shiga zaure.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka, da ta iyalinka, da ta jakin da ke ɗaukar maka turaku, wanda na ga alamar shi kaɗai ya gane inda aikin ga ya dosa don kullum baya yake ja, ni ce Zinariya mai daddawa ta bakin fadama. In ba ka tuna ni ba, kakarka Kaltume, Allah shi jiƙan ta, ƙawata ce tun muna 'yan mata. Ke nan kai jikana ne, angona kuma, ka kuwa san tsakanin kaka da jika ba a fushi. Duk abin da na faɗa nan, in ya yi zafi wasa ne, in ya yi daidai gaskiya ce.

Karatuna bai yi nisa ba. Izu biyu na yi na tsaya, sai ɗan ajamin da wata malama ta koya mana a tsakar gida. Amma ya ishe ni. Na kuma roƙi a kwafe wagga takarda, a karanta ɗaya kasuwar Wurno, ɗaya Rabah, ɗaya Goronyo, don kada nauyin karatun ya faɗo maka kai kaɗai.

Tun bayan girbi na ji shela cewa malamai sun gaji da kiɗa a bayan makarantu. Don haka za a tattara makaɗa, da 'yan dambe, da gardawa masu wasa da kura, da masu biri, a kai su waje guda bayan ganuwa a yi musu unguwa, a yi wa jama'a filin wasa jikinta. Na ce madalla. Ni ma ina son wasa, duk wanda ya ga rawata ran sunan jikata ta tara zai shaide ni. Har guɗa na yi. Ashe iccena nake wa guɗar ban kwana. Kwana goma da sunka wuce na iske an shafa wa ɗorawata jar ƙasa a gindi, anka ce mini ran Alhamis ɗin ga masu gatari na zuwa. Wagga ɗorawa ita ce dalilin takarda. Amma tunda Allah ya sa na samu takardar, tawada kuma ta yi kyau, bari in faro daga nesa, yadda ake kama kaza.

Na ɗaya, zanen. An ce mini kwana arba'in ka yi kana tunanin yadda filin zai kasance, ranar arba'in da ɗaya ka durƙusa ƙofar gidanka ka zana shi duka a rairayi da tsinken tsire. Masha Allah. Ka sa anka kife zanen da kwanduna bakwai don kada iska ta share. Ranka shi daɗe, a garin ga mi ake kifewa da kwando in ban da tsaba da 'yan tsaki? Kajin unguwa sun san haka. Kafin ka dawo daga azahar sun shiga sun yi nasu gyaran. Magina kuwa bayin Allah ne masu biyayya, abin da sunka gani a ƙasa shi sunka bi. Shi ya sa babbar hanyar dandali ta rabu uku daga gaba, da ƙaramin reshe guda ta baya. Baƙi kan tsaya suna yaba hikimarka. Ni da na yi shekara hamsin ina kiwo, na san sawu in na gan shi. Kuma duka rassan uku a bango guda sunka ƙare. Bangon naka ne, ko shi ma zakara ya ba da shawara?

Na biyu, unguwar masu wasa. Ban taɓa ganin mai haɗa zumunci irinka ba. Gardawa masu kura ka ba su rumfa jikin rumfar masu tsire, wai don ƙamshi ya sa kurayen su yi wasa da kuzari. Sun yi. Halliru mai tsire ya ce shekararsa ashirin a sana'a bai taɓa samun maƙwabcin da ke kallonsa shi da naman da ido iri ɗaya ba. Masu biri ka aje su bayan Safara'u mai gyaɗa, yanzu zaune take bisa murfin kwandonta, ko gaisuwa ba ta tashi yi. 'Yan dambe ka ba su fage tsakiyar masu tukwane, alhali wanda anka kayar ba ya zaɓen inda zai faɗi. Maɗori kuwa, wanda kowa zai nema, ka kai shi can ƙarshen unguwa bayan kwazazzabo, ta yadda wanda ya karye ƙafa ɗaya a fage zai isa wurinsa da biyu. Wanga kam na yarda tunani ne. Maɗorin da bakinsa ya gaya mini ba ya salla bai sa ka addu'a ba.

Na uku gajere ne, kamar abin da yake magana a kai: tafkin yawon jirgi. Ga gulbin Rima nan, jifa biyu daga wurin, Allah ya shimfiɗa shi ba wanda ya yi gumi. Kai ka sa mutum talatin sunka haƙa naka. Masuntan Goronyo sunka gangaro da jirgi ta gulbin, anka ɗauko shi a ka, anka aje, sai ga shi ya fi tafkin tsawo da kamu biyu. Yanzu mutum kan hau ta baya, ya taka a hankali ya sauka ta gaba, a ce masa barka da ƙetarewa. Ƙanwata Sabuwa ta hau sau biyu. Ta ce duk tafiyar ruwan da ta yi a duniya ba wadda ta kwanta mata a rai kamar wagga.

Na huɗu, jigon mutane, abin alfaharinka. Labari ya iso mini cewa a lambun albasa ka tsaya, ka ga yadda jigo ke ɗaga ƙwarya daga rijiya, doguwar sanda bisa gwafa da curin laka a gindinta, sai ka ce a ranka: abin da ke ɗaga ruwa, mi zai hana shi ɗaga musulmi? Ka sa anka yi ƙarami na gwaji, anka ɗaura kwando inda ƙwarya take. To, kowane mai lambu ya san da nauyin ƙwaryar ake auna lakar. Ku kuma kunka auna taku da Abdulƙadiri mahauci, wanda jaki kan hange shi ya sauya hanya. Ya shiga kwando, ya yi sama a hankali kamar hadari, ya sauko lafiya, kowa ya yi kabbara. Daga nan, ba tare da an rage ko loma ɗaya ta laka ba, kunka ce Sale maɗinki ya shiga.

Sale, ranka shi daɗe! Mutumin da ke sa dutse aljihu in ana iska! Ni ina wurin, ba labari na ji ba. Na ga tafin ƙafarsa duka biyu a inda ake ganin shaho. Ya wuce bisa rumfar makaɗa, su kuma suna ganinsa sunka sauya kiɗa, ya je ya sauka kan rufin rumbun Malam Yari, ya shige har wuya. Da anka zaro shi, hularsa ya fara tambaya. An ce wani ya tsince ta hanyar Marnona. Anka ce masa mi ya gani a sama, ya ce: "Na ga Rabah, na ga Rara, na kuma ga ban yi sallama da kowa ba."

Kowa ya zaci daga nan za a rufe magana. Kai kuwa ka duba, ka shafa gemu, ka ce aibin jigon ƙanƙanta ce, a yi babba mai ɗaukar mutum shida. Babban jigo sai babbar gwafa, kuma duk fadamar ga ba icce mai gwafa irin ɗorawata. Ka ga mun iso.

Na biyar, a nan zan aje dariya kaɗan, ba da nisa ba. Mutanenka sun ce mini fili na hukuma ne, an ba ka. Ban musa ba. Ƙasar ba tawa ba ce, gonar da ke ƙarƙashin iccen ta sauya hannu sau huɗu a kan idona. Amma a wurinmu ƙasa daban, icce daban. Mai gona ya noma geronsa har gindi, in ɗorawa ta nuna ya ja gefe, mai icce ta zo da ƙugiyarta. Haka munka iske, haka ake yi har gobe. Uwata ce ta kewaye wagga da ƙaya tun tana tsawon muciya don kada awaki su cinye ta, ta kuma ba ni ita da bakinta gaban shaidu, biyu daga cikinsu na raye, ɗaya har yana ji. Wanda ya ba ka labarin ƙasa, don mi ya manta da na icce?

Kuma ba inuwa nake wa kuka ba. Kalwarta nake dafawa in yi daddawar da muke ci da ita, ni da ɗiyan marigayi ɗana su uku. Ba mu da gona, ba mu da saniya, ita ke nan. Garinta yaran unguwa ke sha da bazara. Ɓawonta ake jiƙawa a yi makuba, makubar da maginanka sunka zo roƙo wurina watan jiya don shafen bangon dandalinka. Miyar da ka sha jiya, tambayi uwargidanka wa ya sa ta yi daɗi. Yanzu rassa sun yi nauyi, saura kwana ashirin a fara ɗiba. Za ka sare abincin shekaru don ka jefa mutum shida sama lokaci guda? Ga shi ma iccen ɗorawa ba ya jure aiki, gara na jin an kayar da shi take kiran dangi. Tambayi kowane masassaƙi da ba ya tsoronka, in da saura.

Na shida, sau uku na zo zaurenka. Na farko anka ce kana tunani. Na biyu anka ce kana hutawa daga tunanin. Na uku anka ce in faɗa wa mai riƙe igiyar awo, shi kuma ya ce ba huruminsa ba ne, sai mai riƙe ɗaya bakin, wanda ke can bakin gulbi, don igiyar doguwa ce. Abin da na zo faɗa bai kai wahalar ga ba. Ka bar ɗorawa tsaye. Rassanta za su ɗauki lilo huɗu, na yarda a ɗaura, in ban da kwanakin ɗiba. Jigo kuma a mayar wa albasa, ita ba ta taɓa kai ƙararsa ba.

To, da na ga maganata ba ta shiga daga ƙasa, sai na ce bari in gwada daga sama. Ranka shi daɗe, wagga takarda daga cikin gwafar nake rubuta ta. Shekaranjiya da hantsi na ari tsanin masu jinka, na sa anka ɗaura mini gadon kara irin na masu korar tsuntsu, na hau da tabarmata da butata da tawada. Da na zauna daidai, na ce wa Sabuwa ta ɗauke tsanin ta aika wa surukinta aro a Rabah. Tuwo da ruwa a ƙwarya suke zuwa da igiya. Salla a zaune nake yi, na tambayi malam daga nan ya amsa daga can, ya ce ta yi. Sauran lalurori kada ka tambaya. Ka dai gaya wa masu gatari kada su tsaya daidai ƙasa suna ɗaga kai.

Shekarata saba'in da 'yan kai. Hawa na iya, sauka ce ban taɓa koyo ba. Don haka ran Alhamis abu biyu ne gabanka. Ko ka sa a sare icce da ƙawar kakarka a kai, gaban Wurno duka, ko ka zo da kanka da ruwa ka wanke jar ƙasar ga, ka faɗa da ƙarfi yadda mai kunne ɗaya zai ji cewa ɗorawa ta Zinariya ce, sannan ka aika neman tsani. In na biyun ka zaɓa, ka zo da ƙarti huɗu, don tuwon sama na karɓata.

Kada ka wahala wajen neman wurin, bi jama'a kawai. Tun jiya ake zuwa daga Dinawa kallon tsohuwa bisa icce. Masu ƙosai sun kafa kasko, makaɗanka uku sun gudo nan da gangunansu, 'yan mata na gaɗa a gindi, ni kuma ina ba su amshi daga sama. Dandali ya buɗe, angona. Kai kaɗai ne ba ka zo ba.

Allah shi ja zamaninka, shi daɗa maka basira, ko kaɗan ce ma mun gode.

Taka mai biyayya, wadda ba ta taɓa ɗaga kai gabanka ba, yau ma sai ta sunkuya za ta dube ka,

Zinariya mai daddawa,
Gwafar ɗorawa, bakin fadamar Wurno,
ran Talata, cikin bazarar shekara dubu da ɗari biyu da casa'in da wani abu na Hijira.