Ranar da Muka Auna Mai Girma da Alkama

Jama'a, ku yi mini sannu. Mako guda ke nan bayana a riƙe, kuma ba noma ne ya riƙe shi ba, biyayya ce. Alkama kwano goma sha biyu na saɓa daga gida har gindin cediyar dandali, don a auna Mai Girma Bawan Talakawa, wakilinmu a majalisar Delhi.

Kun dai san al'adar. Babban mutum ya zo, a kafa ma'aunin katako, a zaunar da shi gefe guda da furanni har kunne, a yi ta zuba hatsi a ɗaya gefen sai ya ɗaga sama. Hatsin, wai, na talakawa ne. Namu ne kafin awo, namu ne bayan awo, abin da ke faruwa a tsakani ne kawai ba a tambaya.

Karon farko da muka auna shi, shekara ashirin da shida ke nan, malamin firamare ne mai keke, siriri kamar sillen kara. Buhu ɗaya bai ƙare ba ya yi sama. Ya share hawaye, ya rantse ruwan magudana zai iso gonakinmu kafin shuka. Tun daga nan ya ci zaɓe sau biyar, ya sauya jam'iyya sau uku, ruwa bai iso ba. Amma kada mu yi butulci, an samu ci gaba ƙwarai. Duk yana jikinsa.

Bana damina ta yi rowa, abin da ya rage a rumbuna iri ne kawai. Shugaban ƙauye ya bi gida-gida yana cewa kowa ya kawo, in Mai Girma ya ji daɗi zai sa a sako mana ruwa.

Matata Phulmati ta tare bakin rumbu. "Baban Munni, irin za ka kwasa? In ruwan ya zo me za ka shuka, gashin bakinka?"

"Za a raba mana ai. Zagayawa kawai zai yi ya dawo."

"To, a gaishe shi in ya dawo."

Na kwasa, don wanda ya ƙi kawowa, an san gonar da ruwa zai tsallake.

Aka zuba buhu ɗaya, shiru. Aka zuba na biyu, Mai Girma ko gezau, sai murmushi yake yi da tafuka a haɗe. Maƙwabcina Kawu Dukhan, wanda haƙori biyu suka rage masa, duka biyun kuma masu kaifi, ya zungure ni.

"Ko da alkawuran aljihunsa ake auna shi?"

"Haba Kawu, alkawari ai ba ya da nauyi."

"Ashe duka tsoka ce. To, mun iya kiwo!"

Sai a buhu na uku Mai Girma ya ɗaga, aka goce da kiɗa. Ya yi jawabi cewa in ba a sako ruwa ba zai shiga yajin cin abinci. Kawu Dukhan ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, fara tun yau, ko ma samu sauƙin awon baɗi!"

To, kada dai in ci haƙƙin mutum. Zaɓe saura wata biyu, jiya ruwa ya iso. Na tsaya bakin gona ina kallonsa, har na yi ƙwalla. Yau da safe kuma alkama ta dawo kamar yadda aka ce, cikin fararen jakunkuna masu hotonsa. Na kwance bakin tawa da rawar jiki, na zura hannu.

Gari ne. Wai don tausayin matanmu, Mai Girma ya sa an niƙe.

Phulmati ta karɓi garin. Ta kwaɓa, ta gasa gurasa, ta ajiye mini a gaba.

"Ci a hankali, Baban Munni," in ji ta. "Girbin baɗi ne kake taunawa."

Niƙan dai ya yi laushi, wannan kam ban ga makusa ba.