Jarkar da Na Juye a Duron Malam Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka zuba kankare a ajinmu na yaƙi da jahilci, a ƙauyenmu da ke yamma da Ɗambatta. Ni ce shugabar ɗalibai mata (ba zaɓena aka yi ba, bakina ake tsoro), don haka ni ke tsaye kan aikin. Ranar Asabar za a buɗe ajin.

Na ga Malam Sale magini yana auna wani ruwa mai kalar shayi daga wata jarka da gwangwanin madara, yana zubawa a duron ruwan kwaɓi. Na tambaye shi. Ya ce magani ne, yana sa kwaɓi ya yi laushi ba sai an cika ruwa ba, don yawan ruwa ke raunana kankare. Yana kuma ɗan jinkirta kamawar siminti, kada zafin rana ya daskarar da shi kafin a baje.

Ni kuwa shekara talatin ina jagorantar mata wajen daɓe. A wurinmu, makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da muke yayyafa wa daɓe, in ta yi yawa, ƙasa ƙarfi take ƙarawa. Na ce a raina, rowa ce irin ta maza. Su Malam Sale suna tafiya sallar azahar na juye jarkar gaba ɗaya a duro.

Kwana uku kankare bai kama ba. Ka danna yatsa ya shige kamar tuwo. Da mai unguwa ya zo dubawa, sandarsa ta nutse. Nan na ɗaure gyale a ƙugu, gaban matan ajin duka.

"Malam Sale, ka ji tsoron Allah! Simintinka ya mutu. Ni da na ƙara masa duk jarkar maganin ma bai kama ba!"

Malam Sale ya ajiye cokalin gini.

"Inna, duka?"

"Duka mana."

"To ai ke kika sa shi barci. Gwangwani guda awa biyu yake riƙe shi. Allah kaɗai Ya san ranar tashinsa."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

An kwashe kankaren, an ɗaga buɗe aji da mako biyu. Ni na ɗauki kwanon farko a kaina, na kuma ba Malam Sale haƙuri da ƙarfin muryar da na zage shi.

Yanzu in na ga namiji yana auna abu kaɗan-kaɗan, ina tambaya sau biyu kafin in taimaka masa.