Yadda Za Ka Burge Mai Karatun Shimi da Tabarmin Ubanta

Kai da lakwal, wato makarantar boko, ta sallama tun kana ƙarami, kuma zuciyarka ta nace wa yarinyar jami'a mai karatun shimi, wato kimiyyar sinadarai, share hawayenka. Hanyar nan tabbas ce. Abokina Mahfuzu ya gwada ta kan Sauda, ɗiyar Alhaji Halidu mai tabarmi a kasuwar Madawa, ga shi kuwa wani malamin lise, wato babbar sakandare, na nemanta.

1. Haddace abu guda

Baƙin da ke cikin kiriyon rubutu, wato fensir, falle-falle ne, shimfiɗe bisa juna. Kowane falle da ƙarfinsa, amma tsakaninsu santsi, shi ya sa yake gogewa a takarda. Shi ke nan, ka zama masani. Kada ka ƙara, ilimi mai yawa na tsufar da fuska.

2. Gan shi ko'ina

In an kawo cuku falle-falle, ɗaga shi sama, ka yi ajiyar zuciya. Kilishi ma haka. Mahfuzu har takardun biredi ya yi wa jawabi.

3. Je rumfar tsohon

Ka tafi ran kasuwa, lokacin da Sauda ke kawo fura. Za ka iske Alhaji bisa tulin tabarmi, ya tanƙwashe ƙafafu. Durƙusa, ka gaishe shi, sannan ka ce: "Baba, abin ga da kuke zaune bisanai, shi Turawa ke bincike."

Zai ce: "Ɗan wa ne wanga?"

Alamar sha'awa ce.

4. Gwada a aikace

Masana kan zare falle guda daga tuli. Zaɓi tabarma ta tsakiya, ka dubi masoyiyarka cikin ido, ka fizga.

Da Mahfuzu ya fizga, Sauda ta ce: "Kai, bari! Su duka za su zame!" Ashe ta san karatunta. Tuli ya tafi, Alhaji ya bi shi yana salati, har cikin albasar maƙwabci.

5. Ɗauki nauyi

Tsohon ya rantse ba maganar aurar da Sauda ga kowa sai ƙugunsa ya warke, kuma wanda ya kada shi shi zai riƙa kai shi wurin maɗori a Azarori. Malamin lise ba shi da moto. Yanzu Mahfuzu na tuƙa babur ɗinsa, Sauda na baya tana tallafe da ubanta, tsoho na tsakiya yana zagi. Wayyo so!

Gargaɗi: ƙugu, albasa da mutuncin da suka lalace ba ruwan marubuci. In surukinka bisa buhunan siminti yake zama, nemi wata yarinya.