Yadda Za Ka Ceci Miyagun Abokai Da Motar Coci

Matso kusa, ɗana. Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma da baki na faɗa aka rubuta. Amma cikin duk waɗanda muka tashi tare, masu takardu da masu ƙirji, ni kaɗai na rage ina taka ƙasa, haƙoran bakina kuma nawa ne. To yau zan koya maka yadda Kirista mai baftisma zai miƙa wa Shaiɗan wuyansa yana tsammanin bishara yake yi. Hanyar ba ta ƙarya. Surukina, direban motar cocinmu, ya bi ta daki-daki, kuma ya ga sakamako.

1. Zaɓi waɗanda matarka ba ta son ba su ruwa

Mace tun daga takalmi take gane mugu, saboda haka kada ka saurare ta. Surukina a bakin garejin da yake kai gyara ya tsinto nasa guda uku: Dogo, Mai Zobe, da wani wai shi Injiniya, wanda ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Ba sana'a, amma kullum bakinsu da maiƙo. 'Yata ta ce, "Baban yara, mutanen nan me suke yi ne?" Ya ce, "Harka." In aka ce maka harka ba a faɗi ta mece ce ba, ka yi dace. Riƙe su gam.

2. Kira zaman wa'azi

Kada ka yarda hira kake zuwa. Kamun rayuka ne. Na ce masa, "Ɗana, rabu da bencin nan." Ya ce, "Haba Baba, ai Yesu ma ya ci abinci da masu zunubi." Na ce, "Ya ci, suka tashi suka bi shi. Ku fa, wa ke bin wani?" Ya yi dariya, wai mu tsofaffi ba mu san sabon salon bishara ba. Ka koyi wannan: da tsoho ya buɗe baki, ka duba agogo.

3. Raɗa wa jaraba ƙaramin suna

Kwalbar farko sunanta "kada su ga kamar ina ƙyamarsu". Ta biyu sunanta "maganin gajiya". Ta uku ba ta bukatar suna. Ka riƙa zuwa da Littafi Mai Tsarki kana ajiyewa a kan tebur. Yana da nauyi, yana danne karta kada iska ta kwashe. Kullum da safe ka durƙusa ka roƙi Allah ya raba ka da jaraba, sannan ka fita ka ɗauke ta a gidan gaba, ka tambaye ta inda za ta sauka.

4. Ba su labarin motar

Motar cocinmu fara ce, da gicciye a goshi. 'Yan sandan kan hanya in sun hango ta sai su ɗaga hannu, "Ku sa mu a addu'a!" Ba mai leƙa ƙarƙashin kujera. Surukina ya ba abokansa wannan labari a matsayin shaidar alherin Ubangiji. Injiniya ya ajiye kwalba.

"Ɗan'uwa, maimaita. Ko baya ba sa buɗewa?"

"Ko sau ɗaya!"

"Haleluya," in ji Dogo.

Surukina ya dawo gida da gudu. "Baba, ka ji? Dogo ya ce Haleluya!" Na ce, "Na ji. Ɓoye makulli."

5. Musanya makulli da rayuka

Kada ka ɓoye. Jira Mai Zobe ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ara mana ita ranar Asabar, kayan wata gwauruwa za mu kwashe, baiwar Allah ba ta da kowa. Ranar Lahadi mu uku muna cocinku, a gaba-gaba." Kada ka tambayi sunan gwauruwar, tambaya rashin bangaskiya ce. Fasto kuma rabin zance ya ishe shi: gaya masa rayuka uku na tafe, ka bar maganar mota. Surukina da kansa ya goge bencin gaba, ya tashi matan zumunta daga kai, har yana ce musu, "Iyayena, yau wurin manyan baƙi ne."

6. Zauna ka jira girbi

Ana tsakar waƙa motar ta shigo harabar coci, ɗan sanda ke tuƙi. Ashe gwauruwar nan ba kowa ba ce sai wani kamfanin gini, kayanta kuma wayoyin wuta da injin ruwa. Saura kaɗan su sha. Sai dai a shingen ƙarshe wani ɗan sanda da 'yarsa ke kwance ba lafiya ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya ce bayin Allah su yi mata addu'a nan take. Suka tsaya kallon juna. Duk zaman da surukina ya yi da su, ba wanda ya iya ko farkon addu'a. Dogo ya ce "Haleluya", ya sake cewa "Haleluya", ya ƙare. Mutumin ya mayar da hularsa, ya ce a buɗe baya.

Aka shigo da su da ankwa har gaban bagade. Ɗan sandan ya ce, "Wa ya ba ku makulli?" Yatsu uku suka miƙe lokaci guda. "Ga shi can, ɗan'uwanmu cikin Ubangiji." Ka ga mutanen kirki: sun ce Lahadi, sun ce gaba-gaba, kuma sun cika.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi wannan hanya ya isa inda take kaiwa, babu ruwana, babu ruwan wadda ta rubuta. Kada a turo min mata da yara, ɗakina ya cika da 'yata da jikokina. Kada a ce in kai abinci gidan yari, kwano ɗaya nake ɗauka, kuma yana da mai shi. Na ji ma yanzu wa'azin surukin nawa ya kankama, tunda ɗaki ɗaya aka sa su, ba ƙofar gudu. Makullin kuwa dattawan coci sun damƙa min, ni da ban san birki da totur ba. Mai son aro ya nemi ɗaya daga cikin abokaina ya tsaya masa. Duk suna maƙabarta.