Yadda Za Ka Ɓoye Tsufa a Guangzhou

Ya kai dattijon da 'ya'ya suka fara ce wa "Baba a huta haka nan", kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai raba ka da fasfonka. Na koye su ne wajen Alhaji Ƙasimu, ɗan kasuwar Kano, wanda aka haɗo da babbar 'yarsa Firdausi wai ta taya shi sayayya. Shi ma ya san an turo ta ne ta gano ko wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe.

1. Gyara gemu

A gida furfura ke sa a matsa maka a sahun gaba. A nan shaida ce a kanka. Shafe ta da baƙin rini mai arha, irin wanda kake loda wa mutanen gida a kwantena. Alhaji ma nasa ya shafa, ya ce ba wanda ya taɓa kawo masa ƙorafi.

2. Raina lif

Bi matakala a benayen Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu ke sauka. In numfashi ya ɗauke, tsaya ka ƙura wa shagon takalman mata ido kamar mai ciniki.

3. Guji kujerar masallaci

In gwiwa ta ƙi ɗagowa daga sujada, yi zamanka a can. Za a ce tsoron Allah ne.

4. Kada ka zauna a jirgin ƙasa

Mutanen nan suna da wata muguwar ɗabi'a ta tashi wa tsofaffi. Ranar da Alhaji ya dawo daga wajen baje kolin Pazhou, zafi ya narkar da rinin, baƙin gumi na ɗiga a farar shaddarsa. Samarin jirgin ba su kula ba, suna danna waya. Sai wata tsohuwa mai kwandon kayan miya, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ta miƙe ta nuna masa kujerarta.

Ya yi ta girgiza kai. Firdausi ta zare jakar fasfon daga kafaɗarsa ta rataya a tata, ta ce a hankali, "Baba, zauna mana."

Ya zauna.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ba ruwana, ni ma gani na yi. Alhaji yana Kano yanzu a ƙofar gida, gemu fari tas, ana ta durƙusa masa. Ya ce ba tsohuwar ce ta fi ba shi haushi ba, daɗin da ya ji ne da ya zauna.