Shirun da Bature Ya Rubuta

Wannan a cocinmu aka yi shi, ina zaune a layi na uku. Malam Irimiya, shugaban mawaƙanmu, ya samo wata sabuwar waƙar yabo ta Turanci daga Ingila, irin wadda ake haɗa muryoyi da ogan da ƙahonin tagulla. Wata uku suna fama da ita, saboda Bishop zai kawo ziyara, kuma a ranar zai zaɓi ƙungiyar da za ta yi waƙa a babban taron dayosis, na duk majami'un da ke ƙarƙashinsa. Shekara tara Malam yana neman wannan dama, ba ta taɓa faɗo masa ba.

Ranar Lahadin da Bishop ya zo, waƙa ta tashi gwanin daɗi. Ogan na gurnani, ƙahoni na amsawa. Ana tsakiyar haka sai komai ya ɗauke ɗif. Malam ya tsaya da hannu a sama.

To mu a nan, in waƙa ta tsinke, ko wuta ce ta ɗauke ko mawaƙa ne suka manta baiti, ba a barin su su ji kunya. Mama Tabita, uwar zumuntar mata, ta duba ta ga 'ya'yanta sun yi cirko-cirko a gaban babban baƙo. Sai ta miƙe ta ɗaga tata waƙar da Hausa, ta buga tulun kiɗa. Mata muka amsa, wata ta rangaɗa guɗa. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na tafa.

Da aka tashi sujada, Malam ya tare ta a bakin ƙofa, gumi har cikin kwalar riga.

"Haba Mama! Kin kashe ni. Wa ya ce mun manta?"

"Yo ɗana, na ga bakinku a rufe, hannunka a sama kamar mai neman agaji."

"Shirun nan a cikin waƙar yake! Ƙirga takwas ne, Baturen da kansa ya rubuta. Ga takardar. Abin da babu a nan, ba a yin sa."

Mama ta ce to, ta gyara ɗaurin kallabi.

Suna nan tsaye sai ga Bishop ya fito. Ya kama hannun Malam ya ce, "Ku za ku zo taron. Amma yadda na ji ta yau nake so, musamman wurin nan da ka shigo da iyayenmu mata. Wannan dabara taka ta yi."

Motar Bishop na tashi, Malam ya juyo yana murza hula.

"Mama... ranar taron, za ki taimaka ki sake ɗagawa a daidai wurin?"

"Miƙo takardar mu duba tukuna, ɗana. In Baturen ya rubuta Tabita a ciki, sai in zo."