Ranar Da Kumbo Ya Sa Na Rungume Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daminar 1979 ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunanina. Shekarar ce rediyo ya ce wani ƙaton kumbon Amurka da ke zagaya duniya ya lalace, zai faɗo, kuma masu shi ma ba su san inda zai sauka ba. Jama'a, an ga tashin hankali! A Ƙarfi, inda nake koyarwa a firamare, masallaci ya cika har waje, masu gaba da juna suka shiga neman gafara. Kowa yana tafiya yana satar kallon sama.

Ni kuwa, sabon malami mai jin kai, na naɗa kaina mai kwantar wa gari hankali. Ina da hoton duniya da 'yan sama jannati suka ɗauko, na yanko shi daga wata mujalla. Duk majalisar da na zauna sai in zaro shi. "Ku duba, duk shuɗin nan ruwa ne. Garinmu ko ɗigon biro bai kai ba. A teku zai faɗa, ku daina abin kunya." (Gaskiya ni hoton ya fi tsoratawa. Tunda na ga duniya a rataye cikin duhu, ba igiya ba ginshiƙi, hankalina bai sake kwanciya ba. To wa zan faɗa wa?)

Lokacin ina neman auren Indo, 'yar Alhaji Bawa. An kai gaisuwa, amma dattijon bai ce ya ba ni ba, yana auna hankalina tukuna. Kun dai san kunyar suruki: ba na haɗa ido da shi, in na hango shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa. Don in ƙara samun shiga, na tara abokaina muka je masa gayyar huɗar masara.

Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso. Sai na ji wata ƙara a sama, ƙwaram, ƙwaram! Ina ɗaga kai na ga wani abu fari yana walƙiya, yana juyi, ya nufo mu gadan-gadan. Wallahi na tabbata ajalina ne ya zo.

"Innalillahi! Kumbo! Kumbo! Mun mutu!"

Na yi jifa da garma na kwasa a guje. Ban san inda na nufa ba, sai ji na yi na cakumi mutum. Na rungume shi ƙam, na cusa kaina cikin rigarsa, muka zube cikin taɓo ina ta kalmar shahada.

Abin ya faɗi can gefen gona. Fallen kwano ne, iska ta yayo shi daga rufin wani sito. Na leƙo a hankali, sai na ga farin gemu. Alhaji ne a ƙarƙashina. Abokaina sun riƙe ciki don dariya, ga mata sun kawo abincin gayya, har da Indo da ƙwaryar fura a ka, ta saki baki.

"Malam," in ji Alhaji cikin sanyin murya, "in an gama tashin duniyar, ɗaga ni in nemo hulata."

Kwana uku daga makaranta sai ɗaki. Na riga na fidda rai da Indo. Har rediyo ya ce kumbon ya tarwatse can a teku da hamadar Ostireliya, ba wanda ya ce mini sannu da lissafi.

Kawuna ne ya daure ya je ba da haƙuri. Ya dawo yana dariya. Wai Alhaji ya ce, "Na ba shi. Da ina shakkar yaron nan don ya cika sani, yanzu na ga mutum ne kamar kowa. Amma a gaya masa, in an sake jin ƙara, matarsa zai kare, ba ni zai danne ba."

Tun ranar na koyi abu ɗaya: kafin in tsaya gaban mutane in ce babu abin tsoro, sai na fara shawara da ƙafafuna. Su dai ba su taɓa shiga aji ba.